Fasa Yarjejeniyar Karɓar Mota Kafin Wa'adi

Da yawa daga cikin direbobin da ke jigila tsakanin Zandam da Gwaram da Birnin Kudu ba da kuɗi hannu suka sayi motocinsu ko Keke Napep ɗinsu ba, sun karɓe su ne bisa yarjejeniyar haya mai ƙarewa da mallaka, wato direba ya riƙa zuba kuɗi duk mako, abin hawan kuma yana nan a matsayin dukiyar mai shi har sai an yi zubin ƙarshe.

Idan tsadar fetur ko lalacewar inji ta sa direba ya gaza, Dokar Haya da Mallaka ta 1965 ta ba shi ikon fasa yarjejeniyar ta hanyar sanarwa a rubuce, sai dai zai mayar da motar, ya biya zubin da ake binsa, ya cika abin da ya biya ya kai rabin jimillar farashin idan bai kai ba, sannan ya ɗauki nauyin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Dokar ta kuma kare shi, domin da zarar ya biya kashi uku cikin biyar na farashin, sai kotu ce ke da ikon raba shi da motar dindindin.

Abin damuwa shi ne, da yawa ana ƙulla irin wannan ciniki da baki ne a tasha, gaban shugaban direbobi kawai, alhali rubutacciyar takarda mai sa hannun shaidu ita ce hujjar direba ranar da aka zo karɓar makulli.