Gargaɗi Ga Masu Babur A Kan Baƙin Mai

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai magana a kan baƙin man babur. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A bazarar 2023 aiki ya tashe ni daga Tudun Wada zuwa Doguwa. Don neman araha na tsaya wurin wani mai tebur a bakin hanya, ya auna mini baƙin mai a kwalba daga wani galan marar hatimi. Ina tsakiyar dajin Falgore sai inji ya ɗau zafi, ya yi ƙara, ya tsaya cik. Ga almuru ta gabato, ga daji. Na yi ta turi har Allah ya kawo wata motar masara ta ɗauke ni. Gyaran ya cinye mini albashin wata guda. Daga nan na zauna na karanta littafin babur ɗin, ga kuwa abin da na koya.

Da fari, a ƙananan babura irin su Boxer da Jincheng, mai guda ne ke ratsa inji da giya da kuloci, kuma bai fi wajen lita ɗaya ba. Fanka ba su da ita, ruwa ba su da shi. Iska da man nan su ne ke rage musu zafi. Ashe kuwa in mai ya lalace, kome ya lalace.

Na biyu, a dubi lambar da ke jikin gora, kamar 20W-50. Ta farko mai W tana nuna yadda mai ke gudana in inji ya kwana cikin sanyi, kamar asubahin hunturu a bakin madatsar Tiga ta ƙasar Bebeji. Ta biyu kaurinsa ce in an gwada shi a zafin digiri 100. Wanda ke ɗaukar buhun masara ya hau tudun Riruwai cikin watan Afrilu, lambar ta biyu ita ce abin kularsa. Amma kada kowa ya yi gaban kansa, a bi lambar da maƙera suka rubuta.

Na uku, ba kowane man mota ya dace da babur ba. Waɗansu an sa musu sinadarin ƙara santsi, shi kuwa kuloci cikin mai yake, in santsi ya yi yawa sai ya riƙa zamewa, a murɗa wuta babur ya ƙi ja. Saboda haka ne a 1998 mutanen Japan suka fitar da ma'aunin JASO. A nemi gora mai 4T da JASO MA ko MA2. Mai MB na waɗanda kulocinsu ba ya cikin mai ne, 2T kuwa na injin da ke ƙone mai tare da fetur.

Na huɗu, a sayi gora mai hatimi, a buɗe ta a gabanka. Wanda ke bin hanyoyin ƙasa na ƙauyukan Kiru cikin ƙura, ya riƙa juye mai kafin wa'adin littafi ya cika, ya share matacin iska. Kowace safiya kuma ya tsai da babur sosai ya duba ma'aunin mai.

To, jama'a, babur shi ne dokin ma'aikaci a yau, ba a kuwa ba doki ruɓaɓɓiyar dawa a ce ya yi sukuwa. Allah ya kai mu gida lafiya, amin.

Haza wasalam. Ni ne naka,
Wani Akawu, Tudun Wada.