Abin da ya sa kakanni ke hawa Dutsen Takao da jikokinsu

A ƙasar Japan, daga tsakiyar watan Nuwamba iyalai kan yi tururuwa zuwa Dutsen Takao da ke yammacin Tokyo domin kallon ganyen itatuwa. Idan sanyi ya shigo, yini ya gajarta, sinadarin da ke sa ganye kore yakan ƙare, sai ja da ruwan ɗorawa su mamaye dajin.

Tsayin dutsen mita 599 ne, babbar hanyarsa a shimfiɗe take, ga kuma ƙaramin jirgi da igiya ke ja mai rage wa tsofaffi rabin tafiya. Shi ya sa kaka da jika ke iya hawa tare. Sai dai rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4:30, don haka masu ƙananan yara kan yi sammako, su sauko da sauran haske, domin gangara cikin duhu haɗari ce ga yaro da dattijo.