Mutuwa Rigar Kowa: Me Muke Tsoro a Cikinta?

Duk wanda ya saba halartar jana'iza a ƙasar Hausa ya san wannan sanarwa. Da liman ya yi sallama, kafin a ɗauki makara, sai wani dattijo daga cikin dangi ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, duk wanda yake bin marigayi bashi, ko marigayi yake bin sa, ya samu wane a gida." Wurin yakan yi tsit na ɗan lokaci. A cikin wannan shirun, da yawanmu namu bashin muke lissafawa. Daga nan a tafi makabarta, a rufe, a yi addu'a, a watse jikin kowa a sanyaye. Kafin sadakar uku an koma kasuwa, an ci gaba da ciniki da musu.

Mun yarda mutuwa rigar kowa ce, amma ko sunanta ba ma son kamawa kai tsaye. Akuya ce take mutuwa. Mutum kuwa rasuwa yake yi, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko ya kwanta dama, ko rai ya yi halinsa. A da, matar da 'ya'yanta suke yawan mutuwa tun suna jarirai, idan ta sake haihuwa akan raɗa wa abin da ta haifa suna irin su Ajuji, Ayashe ko Ajefas, wai don mutuwa ta ga kamar ba a damu da shi ba ta ƙyale shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna zurfin tsoron. To daga ina ya samo asali?

Tushensa na farko a jiki yake. Kowace halitta mai rai tana gudun abin da zai halaka ta. Kaza ta ga inuwar shirwa sai ta kwashi 'ya'yanta ta shige ƙarƙashin rumbu. A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala, wanda da zarar ya hango haɗari yake sa gaba ya faɗi, zuciya ta yi ta bugawa, ƙafa ta shirya gudu tun kafin mutum ya gama tunani. Wannan tsoron rahama ne, don in babu shi da yaro zai taka bakin rijiya yana dariya.

Inda mutum ya bambanta da dabba shi ne sani. Rago yana cin dusa a ƙofar mahauta hankalinsa kwance. Mutum kuwa tun yana ɗan shekara biyar zuwa bakwai yake fara gane cewa wanda ya rasu ba zai dawo ba, kuma shi ma wata rana sai ya bi. Daga ranar yake ɗauke da wannan sani har ƙarshen ransa. Wani masani ɗan Amurka, Ernest Becker, ya wallafa littafi a 1973 inda ya kawo hujja cewa yawancin fafutukar ɗan Adam, tara dukiya, gina suna, neman mulki, duk dabaru ne na kawar da kai daga wannan sani. Shi kansa ciwon daji ya kashe shi a 1974, wata biyu kafin a ba littafin lambar yabo ta Pulitzer. A 1989 wasu masana halayyar ɗan Adam suka gwada ra'ayinsa a kan alƙalai 22 a birnin Tucson. Aka sa wasunsu su yi tunanin mutuwarsu, sannan aka ba dukansu ƙarar mace guda su yanke kuɗin beli. Waɗanda aka tuna wa mutuwa suka yanke kimanin dala 455, sauran kuwa dala 50. Masu binciken suka ce tunanin mutuwa yana sa mutum ya ƙara ƙanƙame abin da ya yi imani da shi, ya tsananta wa wanda ya saɓa. Wasu da suka maimaita irin waɗannan gwaje-gwaje daga baya ba su sami sakamako mai ƙarfi haka ba, don haka har yanzu ana muhawara a kai.

Tarihi kuwa cike yake da shaida. Sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin, Qin Shi Huang, ya yi ta aika mutane nemo masa maganin hana mutuwa. Ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa, bai kai hamsin ba. A 1974 wasu manoma da ke haƙar rijiya kusa da birnin Xi'an suka ci karo da dubban sojojin yumɓu da aka binne kusa da kabarinsa don su tsare shi a can. Mulki bai cire masa abin da ke damun talaka ba.

Idan aka warware wannan tsoro za a ga damin abubuwa ne da aka ɗaure wuri guda. Akwai tsoron hanyar: doguwar jinya, zama nauyi a kan iyali, da zafin gargara. Akwai tsoron rabuwa, wanda ya fi cin iyaye: wa zai riƙe mini yaran nan, wa zai biya musu kuɗin makaranta, ina matata za ta zauna bayan ta fita takaba? Akwai tsoron shafewa, mutum ya tuna cewa kasuwa za ta ci ba shi, wani zai zauna a kujerarsa, jikokin jikokinsa ba za su san sunansa ba. Sai kuma babbansu, tsoron abin da za a tarar. Wani masanin falsafa na Girka, Epikurus, wanda ya rayu kimanin shekara 300 kafin Annabi Isa, ya koyar da cewa babu abin tsoro a mutuwa tunda a ganinsa mamaci ba ya jin komai. Ko da wani ya yarda da shi, maganarsa ba ta ciyar da maraya, ba ta kuma kwantar da hankalin wanda ya gaskata akwai tsayuwa gaban Mahalicci.

A kan abin da ke bayan mutuwa, al'ummomi sun ba da amsoshi daban-daban. Musulunci ya karantar da cewa rai yana shiga barzahu, inda mala'iku biyu, Munkar da Nakir, suke tambayar mutum game da Ubangijinsa da addininsa da Annabinsa. Daga sunansu ne Bahaushe ya samo Walakiri, wanda yake tsorata mugu da kulkinsa. Bayan haka sai tashin ƙiyama, hisabi, mizani, siraɗi, sannan makoma, aljanna ko wuta. Kiristoci sun yi imani da tashin matattu, ranar shari'a da rai madawwami. Mabiya addinin Hindu da na Buddha suna ganin ana sake haihuwa, kuma aikin da mutum ya yi shi ke zaɓa masa halin da zai dawo a ciki. Misirawan zamanin Fir'aunoni suna zana zuciyar mamaci a kan ma'auni, ana auna ta da gashin tsuntsu guda, alamar gaskiya. Akwai kuma masu cewa da numfashi ya tsaya shi ke nan. Abin lura shi ne, ban da waɗannan na ƙarshe, kusan kowa ya haɗu a kan abu ɗaya: abin da ka shuka a nan shi za ka girba a can.

Likitoci ma sun leƙa. A 2001 wani likitan zuciya ɗan ƙasar Holan, Pim van Lommel, ya wallafa bincike a mujallar Lancet a kan mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su. Mutum 62 daga ciki sun ba da labarin abin da suka ji ko suka gani: natsuwa, haske, jin kamar sun rabu da gangar jikinsu, ko ganin 'yan uwan da suka rasu. Wasu likitoci suna danganta hakan da ƙarancin iska a ƙwaƙwalwa, wasu suna ganin bayanin bai gamsar ba. Ko ma dai yaya ne, waɗannan mutane bakin kogi suka je suka dawo, ba su haye ba. Abin da ke tsallake lamari ne na imani, awon asibiti bai kai can ba.

To me za a yi da wannan tsoro? Malamai ba su ce a kashe shi ba, cewa suka yi a sa masa linzami. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rufe babban littafinsa Ihya'u da babin tuna mutuwa da abin da ke bayanta, kuma karantarwar malamai ita ce mumini ya haɗa tsoron azaba da kwaɗayin rahama. Tsoron da ya sa mutum gyara yana da amfani. Wanda ya hana shi barci, ya sa zuciyarsa bugawa dare da rana, ya hana shi fita neman abinci, wannan ya zama ciwo, kuma likitocin ƙwaƙwalwa suna maganinsa. Zuwa wurinsu ba raunin imani ba ne. Haka nan wanda ya ƙi zuwa a auna masa hawan jini ko suga don kada a gano wani abu, tsoron mutuwa ne yake tura shi wajenta.

Mafi yawan abin da ke cikin damin nan ana iya sauke shi tun yau. A shari'ar Musulunci ba a raba gado sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Duk da haka mu ne za ka ce wa mutum ya rubuta wasiyya ya ce kana yi masa fatan mutuwa. Gidaje nawa ne suka watse, 'yan ɗaki ɗaya suka daina ga-maciji, saboda maigida ya tafi ba wanda ya san inda takardar gona take, ko nawa ne nasa nawa ne na amana a cikin kuɗin shago? Rubuta waɗannan ba ya rage kwana, kamar yadda ƙin rubutawa ba ya ƙara shi.

Saboda haka, ɗan uwa, 'yar uwa, duk ranar da faɗuwar gaban nan ta zo, a tsaya a tambayi kai wane daga cikin tsoron ne. In bashi ne, a biya ko a rubuta a kafa shaida. In haƙƙin wani ne, a mayar masa tun ana iya haɗa ido. In gaba ce da ɗan uwa, a taka a je a nemi yafiya. In iyali ne, a ba yara ilimi, a koya wa uwarsu sana'a, a nuna musu inda komai yake. In tsakanin mutum da Ubangijinsa ne, ƙofar tuba a buɗe take muddin rai bai kai maƙogwaro ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.