Gidan Tsutsar Tsamiya: Yadda Ake Gane Shi da Matsayin Zarensa a Fiƙihu

A gonakin Gwarzo da Kabo, inda tsamiya da ɗorawa da kaɗanya suke tsaye cikin dawa da gero, manomi yakan ga wani dunƙule maƙale a reshe ya rasa mai shi. Hukunci kuwa ba ya sauka a kan abu sai an san haƙiƙaninsa.

Huɗu ne aka fi rikitawa. Saƙar gizo-gizo yana ce shimfiɗaɗɗiya mai rauni, kamar yadda aya ta 41 ta Suratul Ankabut ta siffanta. Zanzaro da laka yake gini. Rina tana rataya saƙa mai ramuka, busasshiya kamar takarda. Na huɗu shi ne gidan tsutsar tsamiya, wadda masana ƙwari suke sanya ta cikin dangin Anaphe: tsutsotsi masu yawa ne suke cin ganye, sa'annan su taru su saƙa ɗakunansu a dunƙule guda, mai tauri, fari-fari ko ruwan ƙasa. Gashinsu yana sa ƙaiƙayi, don haka ba a ɗaukarsa da tsirarar hannu.

Wannan na huɗu shi ne mai mas'ala. Ana dafa shi da ruwan toka, a kaɗa shi kamar auduga, ya zama zaren tsamiya da maɗinkan Kano suke yi wa babbar riga aiki da shi. Tunda tsutsa ce ta saƙa shi, shin alharini ne da aka haramta wa maza?

Malaman Shafi'iyya sun raba alharini biyu: ibrisam, wanda tsutsa ta mutu a cikinsa, da ƙazzu, wanda ta huda ta fita, mai dusasshen launi, duka biyun sun haramta su. Tsamiya ta fi kama da ƙazzu. Sai dai hadisin Sayyidina Umar (R.A.) a Sahihu Muslim ya yi rangwamen faɗin yatsu biyu zuwa huɗu, kuma Risalar Ibn Abi Zaid ta kawo saɓani kan ratsin alharini a tufa, in ban da siririn layi.

Saboda haka wanda aka kawo wa tambaya kan rigar tsamiya, ya fara tabbatar da asalin zaren, ya auna faɗin aikin, kafin ya buɗe baki da fatawa. Allah ne Mafi sani.