Hoto a Marinar Kwamfuta

Mai son hoton da ya ɗauka ya koma kamar zanen fentin ruwa yakan buɗe Photoshop, ya lalubo matatar Watercolor, ya danna sau ɗaya, ya zauna jiran abin mamaki. Abin da ke fitowa galibi hoto ne mai duhu, fuska ta yi dabbare-dabbare, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Manhajar ba ta da laifi. Fentin ruwa yana da halinsa, kuma duk wanda ya taɓa kai ƙyalle marina ya riga ya san halin nan.

Kafin farin ƙyalle ya bar gida, sai mace ta zauna da zare ta ƙulle duk inda take so ya tsira da farinsa. Marini ya karɓa ya tsoma a ruwan baba, ya ɗago ya sha iska. Ƙyallen yakan fito kore-kore, kana kallo yana rikiɗa shuɗi. In ana son rinin ya ƙara kamawa, a sake tsomawa. A marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har gobe haka ake yi. Ƙa'idar biyu ce: farin da ba a ƙulle ba ya tafi ke nan, kuma daga haske ake gangarawa zuwa duhu, ba a komowa.

Mai fentin ruwa ma a kan ƙa'idar nan yake. Fentinsa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, irin wanda ake ɗiba a jikin dakwara a Yobe da Borno da Chadi da Sudan, kuma shara-shara ne, ana hango takarda ta cikinsa. Hasken da ka gani a zanensa farin takardar ne da ya ƙyale. Kyamara kuwa ba ta san ƙyalewa ba: kowane gashi, kowace tsakuwa, kowace wayar lantarki sai ta kwaso.

Don haka aikin farko ragewa ne. A ce hoton dattijo ne a kan doki ranar hawan salla. Ka kwafi hoton, ka ajiye na asali a ƙasa, ka yi aiki a kan kwafin. Ka bi shi da Median ko Dry Brush a Photoshop. A GIMP, wadda kyauta ce, Median Blur na yin wannan aiki. Za ka ga aikin allurar da ke ƙirjin babbar rigarsa ya narke ya zama fili ɗaya na ruwan ƙwai, taron da ke bayansa ya koma ɗigon launuka. Ka tsaya tun idonsa da gemunsa suna nan. In kuma matatar Watercolor za ka yi amfani da ita, ka mayar da ma'aunin inuwarta zuwa sifili, don can duhun ke fitowa.

Sai ƙulli. Ka samo takarda mai kaushi, ka ɗauki hotonta da hasken taga yana dukanta ta gefe don ƙurajenta su fito, ka shimfiɗa ta a ƙarƙashin aikin. Ka sa wa hoton dattijon mayafi baƙi ya ɓace gaba ɗaya, sannan ka riƙa buɗe shi da farin burushi mai ƙarfin kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Fuska da kan dokin ka bi su sau uku ko huɗu, ƙafafu sau ɗaya. Rawaninsa kada ka taɓa shi, takarda ce za ta zama rawanin. Gefunan hoton ma ka bar su fari, launin ya ƙare a karkace kamar inda ruwa ya tsaya da kansa.

Tsomin shi ne tsarin Multiply. Ba ya ƙara haske ko kaɗan, duhu kawai yake ƙarawa, shi ya sa takarda ke leƙowa ta cikin launi. Kowace shimfiɗa da ka ɗora da shi tsomi ɗaya ce. Ta farko ga hoton duka, ta biyu ga inuwar ƙarƙashin haɓa da cikin doki kawai. Da yake fenti na gaske yana taruwa a bakin tabo idan ruwa ya bushe, ka ɗan duhunta bakin wasu tabban, ba duka ba.

Akwai abu ɗaya da kwamfuta ta fi marini: tana iya janye kuskure. Nan ne kuma tarkon yake, don wanda ya san zai iya gogewa ba ya tunani kafin ya shafa, sai ya yi ta ƙari har hoton ya cushe. Ina roƙon masu wannan sana'a su yanke shawarar inda fari zai zauna tun kafin su taɓa burushi, su kuma ɗaga hannu tun suna jin akwai sauran aiki. In sun kai wa mai shi, su gaya masa gaskiya cewa hoto ne aka sarrafa. Gwaninta ce mai zaman kanta, ba ta bukatar aron sunan wata.