Noma Mai Ɗorewa a Yankin Rara: Gyaran Ƙasa da Haƙƙin Ƙaramin Manomi

Garin Rara da ke Ƙaramar Hukumar Raba, tare da maƙwabtansa na Wurno da Goronyo, yanki ne da Allah Ya albarkata da ƙasar noma iri biyu. Akwai tudu, inda ake noman gero da dawa da wake da damina, akwai kuma fadamun Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗinsa a Wurno, kuma aka yi masa makwanci a can a shekarar 1837, shugabanni ke ƙarfafa wa jama'ar wannan yanki gwiwa su zauna su riƙi noma.

An kammala Madatsar Ruwa ta Goronyo a shekarar 1984, tana iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Shirin Fadama, wanda aka soma da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, ya yaɗa rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa. Sai dai waɗannan ayyuka sun fi amfanar mai fili a fadama da mai jarin sayen inji da mai. Talakan manomi kuwa, da gwauruwa mai riƙon marayu, da wanda rashin tsaro ya raba da ƙauyensu, yawanci abin da ke hannunsu shi ne 'yar gonar tudu mai rairayi, sau da yawa ma ta aro ko ta haya. Damina a nan watanni huɗu ce kacal, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasa ta gaji, takin zamani kuma ya yi tsada.

Hanyoyin da ba su buƙatar kuɗi mai yawa

Hanya ta farko ita ce sassaben zamani. Maimakon a sare duk wani tsiro a ƙone lokacin sharar gona, sai manomi ya zaɓi kututturan da ke tohowa, ya bar rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kowanne, ya datse sauran. Manoman Jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun fara wannan aiki a shekarar 1983, kuma an ƙiyasta cewa ya farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a ƙasar. Gawo ya fi kowane itace amfani a nan, domin yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobi kuma su ci 'ya'yansa da rani.

Hanya ta biyu ita ce tassa, wadda ta dace da fako, wato ƙasar da ta taurare har ruwa ba ya shigarta. Da rani ake haƙa ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30, a tara ƙasar da aka fitar ta ɓangaren gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Idan ruwa ya sauka sai ya taru a ramin, a shuka gero ko dawa a ciki. Manoman Illela ta Jihar Tawa a Nijar sun koyo dabarar daga Burkina Faso a shekarar 1989, suka mayar da fako gonaki.

Hanya ta uku ita ce haɗa gero da wake, ko sauya su shekara-shekara. Wake na ƙara wa ƙasa sinadarin da hatsi ke buƙata, harawarsa kuma abincin dabbobi ce, dabbobin su mayar wa gona da taki. Tsohuwar al'adar barin makiyaya su sauka a gona bayan girbi tana cikin wannan tsari, kuma tana buƙatar a kiyaye burtali da mashaya.

Inda gizo ke saƙar

Waɗannan hanyoyi duka suna ɗaukar lokaci. Itace na buƙatar shekaru kafin a ci moriyarsa, takin gida kuma yana aiki fiye da damina ɗaya. Saboda haka, manomin da bai san ko za a karɓe gonar baɗi ba, ba zai haƙa tassa ba, ba kuma zai reni gawo ba. Haka nan wanda ke tsoron a tuhume shi idan ya datse reshen itacen da ya rena da hannunsa. Hukumomin Nijar sun gane haka, shi ya sa a shekarar 2020 suka fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi mallakar itatuwan da ya rena a gonarsa.

Abin da ya rataya a wuyan shugabanni

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙananan hukumomi ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a kan filayen noma na karkara. Ya kamata sassan aikin gona na Raba da Wurno da Goronyo su yi amfani da wannan iko domin masu ƙaramin ƙarfi. Iyayen ƙasa da hakimai kuwa, su ƙarfafa a riƙa rubuta yarjejeniyar aro da haya da jingina a gaban shaidu, a ambaci yawan shekaru, a kuma fayyace wanda ke da amfanin itatuwan da ke ciki. Malaman gona su kafa gonakin gwaji a ƙauyukan tudu, kada su tsaya a bakin fadama kawai. Har ila yau, a tabbatar sunayen mata da 'yan gudun hijira sun shiga rajistar ƙungiyoyin manoma, domin ta nan tallafi ke bi.

Ga manoma kuma, lokacin wannan aiki shi ne rani. A tara taki tun bayan girbi, a haƙa tassa kafin watan Mayu, a daina ƙona karan gona, a kuma je wurin hakimi a rubuta yarjejeniyar gona kafin ruwan shuka ya sauka.