Sunan Gari a Kan Kaya: Abin da Manoman Shinkafar Kabi Za Su Koya Daga Sikotlan

A ƙasar Sikotlan, wadda ke arewa da Ingila, akwai masana'antun barasar nan da ake kira wiski fiye da 140, kuma a shekarar 2019 kaɗai an kai musu ziyara fiye da sau miliyan 2 don ganin yadda ake aikin. Barasa dai haramun ce ga Musulmi, Jihar Kebbi kuwa tana bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, saboda haka babu ruwan mutanenta da abin da ke cikin kwalbar. Amma dabarar da mutanen Sikotlan suka bi, har sunan ƙauyukansu ya zama dukiya, abu ne da ya kamata ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su duba da idon basira.

Asalin wiski tsaba ce. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar da shi, a niƙa, a dama da ruwa, a bar shi ya yi tsami, sa'an nan a tace shi ta hanyar tururi cikin manyan tukwanen tagulla. Ko da yake hanyar ɗaya ce, kowane yanki da irin nasa. A tsibirin Islay ana busar da tsiron da hayaƙin wata baƙar ƙasa mai cin wuta, watau ruɓaɓɓen ciyayin fadama, don haka nasu yana da warin hayaƙi. A Speyside, bakin kogin Spey, inda masana'antun suka fi yawa, an san nasu da ɗan zaƙi. Na Lowland ba shi da nauyi, na Highland kuwa iri-iri ne saboda faɗin yankin. Garin Campbeltown, wanda ya taɓa samun masana'antu wajen 30 a ƙarni na 19, ya wayi gari da uku tak, amma sunansa bai ɓata ba.

Abin da ya tsare waɗannan sunaye biyar shi ne doka. Dokar da aka kafa a 2009 ta hana kowa rubuta ɗaya daga cikinsu a kan kwalba sai in can aka tace abin, ta kuma wajabta ya kwana aƙalla shekara 3 cikin gangunan katako a cikin ƙasar. Bayan doka sai buɗe ƙofa. Tun 1969 kamfanin Glenfiddich ya keɓe wuri don karɓar baƙi, wasu suka bi sahu. Baƙon da ya zo zagaya masana'anta sai ya kama masauki, ya ci abinci, ya hau mota, ya sayi tsaraba; kuɗinsa ya shiga aljihun mutanen da ba su taɓa aiki a masana'antar ba. A 2022 kuɗin wiskin da aka fitar waje ya haura fam biliyan 6.

To, in aka juyo kwarin gulbin Rima, abin da Allah ya hore wa Kabawa shi ne shinkafa da kifi. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015. A Disamba na 2016 aka fito da shinkafar LAKE, ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi. A Agusta na 2017 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe injin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi.

Ita ma shinkafar ba iri ɗaya ba ce. Akwai jar shinkafa ta gado, wadda ke ƙara tsawo yayin da ruwan damina ke cika fadama. Akwai ta rani, irin su Faro 44, da ake ba ruwa da injin. Akwai wadda mata ke turarawa su shanya, da wadda ake surfawa ɗanya don tuwo. Ana noma ta a Augie da Argungu da Bunza da Suru, har zuwa Yauri a bakin Kwara. Sai dai da zarar ta shiga buhu ta hau babbar mota, mai saye a Kano ko Ibadan abin da ya sani kawai shi ne "'yar gida" ce. Alhali kuwa shinkafar Ofada da ta Abakaliki da sunan garuruwansu ake neman su a kasuwa. Kayan da ba shi da suna, ɗan kasuwa ne ke yanka masa farashi, manomi ya karɓi abin da ya samu.

Batun baƙi ma Argungu ba baƙuwarsa ba ce. Bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali ne tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin don ƙarfafa sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, aka kuma farfaɗo da shi a Maris na 2020 bayan ya yi kimanin shekara 10 ba a yi ba. Ga gidan tarihi na Kanta, wanda tsohuwar fadar sarki ce. Amma bikin kwana 4 ne kacal, shekara kuwa kwana 365 ce.

Gyaran ba ya bukatar gina wani sabon abu. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Ma'aikatar ciniki da ta aikin gona za su iya haɗa kai da masarautun Gwandu da Argungu da masu injuna, a tsara zagaye na yini guda: fadama da safe, wurin masu turara shinkafa da hantsi, injin casa da azahar, gidan Kanta da la'asar. Ɗaliban makarantun jihar su ne baƙin farko da ya kamata a kai. Haka kuma a yi rajistar suna ga shinkafar kowane yanki, da ka'idar da ke hana wani ya ara.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Manomin da ya sha rana a fadamar Suru ya cancanci a ga sunan garinsa a kan buhun da ya cika.